Karatun gaba da sakandire a gidan yari: yadda jihar Kano za ta haɗa kan aikin ta kuma sa masa ido

Duk wanda ya taɓa bin takardun wani ɗaurarre mai son ci gaba da karatu ya san inda gizo yake saƙar. Gidan da mutumin yake ciki na tarayya ne, Kurmawa da Goron Dutse da Janguza da na Wudil duk suna ƙarƙashin hukumar gidajen gyaran hali ta ƙasa, ita kuma tana amsa umarni daga ma'aikatar cikin gida a Abuja. Amma wa ya aika shi ciki? Mafi yawansu kotunan jiha ne, majistare ko kotun shari'ar Musulunci ko babbar kotu. Makarantar da zai shiga ta wani ce daban, hukumar jarrabawa daban, mai biyan kuɗi daban in ma akwai shi. Ranar da ya fito kuma ba Abuja zai nufa ba, Kurna zai dawo ko Ɗorayi ko Sheka ko Rijiyar Lemo, cikinmu. Sai abin ya zama kamar rijiyar unguwa, kowa yana ɗiba babu mai yasa. Shi ya sa nake ganin dole jiha ta zama ita ce mai riƙe da zaren, ta san sunan kowane ɗalibi da inda ya tsaya, tun daga ranar da ya cike fom har bayan ya fito daga ƙofa.

Kuma akwai madogara a doka, ba alfarma ake roƙa ba. Dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, sashe na 14 ya ɗora wa hukumar samar wa ɗaurarru damar ilimi da koyon sana'a. A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire gidajen yari daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kai, ya mayar da su jerin haɗaka, wato yanzu majalisar jiha ma tana da hurumin yin doka a kai. Sannan ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 kan yadda ake kula da ɗaurarru, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, ƙa'ida ta 104 ta ce a haɗe karatun ɗaurarre da tsarin ilimin ƙasa yadda in ya fito zai ci gaba ba tare da wahala ba. Shi kansa Mandelan ai yana tsare ya kammala digirinsa na lauya ta hanyar karatu daga nesa.

Mataki na farko: a ba aikin gida ɗaya

Ofis guda, a ma'aikatar ilimi mai zurfi, da jami'i guda mai muƙamin da zai iya ɗaga waya ya kira rijistaran jami'a a saurare shi, a rubuta masa wannan aikin cikin takardar aikinsa. In aka tambaya ɗalibai nawa suka rasa jarrabawar zangon da ya wuce, shi zai amsa.

A bayansa sai ɗan ƙaramin kwamiti: wakilin kwanturolan gidajen gyaran hali na jiha, musamman mai kula da walwala da ilimi, wakilin ma'aikatar shari'a, wani daga ofishin babban jojin jiha da na alƙalin alƙalai, hukumar ilimin manya, hukumar tallafin karatu, wakilan makarantun da ke koyarwa, sai mutum ɗaya da ya taɓa zama a ciki ya yi karatu ya fito. Wannan na ƙarshen dan Allah kar a mayar da shi ado, shi ne zai gaya muku cewa lokacin da kuka sa wa lacca shi ne lokacin rabon abinci. Kar ya wuce mutum goma sha biyu, kuma a sa ranakun zamansa su bi kalandar makaranta, kafin rijista da kafin jarrabawa da bayan fitowar sakamako.

Mataki na biyu: yarjejeniya a rubuce da masu gidan

Jiha ba za ta iya tura malami ta ƙofar Kurmawa don ta ga dama ba, mukullin a hannun ganduroba yake, shi kuma yana da nasa dokokin tsaro da ba wasa ba ne. To sai a zauna da ofishin kwanturola a rubuta takardar fahimtar juna, a kuma tabbatar hedikwatarsu ta Abuja ta amince, domin kwanturola ana yi masa canjin wurin aiki, in maganar baki ce kawai da shi za ta tafi.

Abin da ya kamata ya shiga ciki ƙarara, ba a dunƙule ba. Wane ɗaki ne ajin a kowane gida, kuma ba za a mayar da shi ɗakin kwana ba ko da cunkoso ya yi yawa. Ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ake buɗe ɗalibai, tunda ana kulle su da wuri da yamma. Yadda za a tantance malaman da za su riƙa shiga, a ba su katin shaida na zango guda, ba sai kullum malami ya tsaya awa guda a bakin ƙofa ana neman wanda zai sa hannu ba. Wane irin littafi da kayan rubutu aka yarda su shiga sel. Wa zai riƙe mukullin ɗakin kwamfuta.

Sai babbar magana, canjin gida. Ana ɗaukar ɗaurarre daga wannan gida a kai shi wancan saboda cunkoso ko tsaro ko wani dalili na hukuma, wani lokaci da asuba ba sanarwa. Ɗalibin da ya yi wata uku yana karatu saura mako biyu jarrabawa sai ya wayi gari a gidan da babu aji babu kwamfuta, littattafansa ma suna can inda ya baro. Wannan abu ɗaya yana kashe karatu fiye da rashin kuɗi. Don haka a rubuta cewa duk wanda sunansa ke rijistar ɗalibai ba za a sauya masa gida a tsakiyar zango ba sai da dalilin tsaro, in kuma dole ta sa, a sanar da ofishin jiha cikin kwana uku kuma kayan karatunsa su bi shi. Zai fi sauƙi ma a zaɓi gida ɗaya ya zama cibiyar masu karatu mai zurfi, Janguza da aka gina don ɗaukar mutum 3,000 yana da fili, amma a tuna da nisansa daga gari ga malamai da iyaye masu ziyara, a sa kuɗin mota a lissafi.

Mataki na uku: rijista guda ɗaya

Nan zan ɗan daɗe, don in wannan ya gyaru rabin aikin ya gyaru.

A shiga gida gida tare da jami'an walwala a yi tambaya, mutum da mutum, kar a dogara da sanarwa a fili kawai domin akwai wanda yake da kiredit bakwai amma kunya da karayar zuciya ba za su bar shi ya ɗaga hannu a gaban jama'a ba. Ga kowane mai sha'awa a rubuta: cikakken suna yadda yake a takardar makaranta, sunan da yake a takardar ɗauri, lambar NIN, iya inda karatunsa ya tsaya, wace jarrabawa ya zauna a wace shekara, ina takardun suke yanzu kuma a hannun wa, an yanke masa hukunci ko jiran shari'a yake, in an yanke yaushe ake sa ran fitarsa, sai lambar wani ɗan uwa da ya yarda a kira.

Ka ga waɗancan sunaye biyun, kar a raina su. Mutum a takardar NECO sunansa Muhammad Sani Abdullahi, a takardar kotu an rubuta Sani Audu da laƙabin da 'yan sanda suka ji ana kiransa da shi, a NIN kuma ranar haihuwar ta bambanta da shekara biyu. In ba a daidaita wannan tun farko ba, da takardar rantsuwa daga kotu da gyara a hukumar katin ɗan ƙasa, sai mutum ya yi shekara huɗu yana karatu a zo ba da satifiket a ce ba shi ba ne. Kuma wanda ba shi da NIN ɗin kwata-kwata sai an shirya da hukumar ta shigo da na'urarta ciki, tunda shi ba zai iya zuwa layi ba, yanzu kuwa rijistar jarrabawar JAMB ba ta yiwuwa sai da ita.

Lissafin ranar fita ma sai an yi shi da masu gidan. Akwai rangwamen kashi ɗaya cikin uku ga mai kyawun hali, shi ne ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce, to wanda aka ɗaure shekara shida yana iya fita a huɗu, an kuma cire zaman jiran shari'a in alƙali ya ce a lissafa. Da wannan za a san wa za a sa a digiri na shekara huɗu, wa ya fi dacewa da difloma ta shekara biyu, wa kuma za a fara masa a ciki da niyyar ya ƙarasa a waje.

'Yan jiran shari'a su ne mafi yawa, a faɗin ƙasar nan sun kai kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare. Sau da yawa ana tsallake su wai ba a san ranar fitarsu ba, ni kam ban yarda da wannan ba sam. Mutumin da doka take ɗauka bai da laifi har yanzu, wanda yake iya shafe shekaru yana zuwa kotu ana ɗage zama, shi za a hana karatu a ba wanda aka tabbatar wa laifi? A sa su, sai dai a zaɓa musu tsarin da zai bi su in an sake su gobe, kuma ma'aikatar shari'a ta taimaka ranar zaman kotu kar ta faɗo ranar jarrabawa, wasiƙa ɗaya ce zuwa ga rijistaran kotu da wuri.

Mata kuma ba su da yawa, saboda haka ne ma ake mantawa da su, a ce ai ba su kai a buɗe aji ba. Ko su uku ne a ware musu ranarsu a ɗakin kwamfuta da malama mace da ganduroba mace. Haka nan alarammomi da 'yan Islamiyya, za ka tarar da mahaddaci a ciki wanda Larabci ya zauna masa amma an rubuta shi a cikin marasa ilimi don bai yi boko ba, alhali ta hanyar jarrabawar NBAIS, wato hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, yana iya samun takardar da za ta kai shi kwalejin Aminu Kano ta shari'a da addinin Musulunci ko sashen Larabci na jami'a. A buɗe masa gurbi a rijistar.

Mataki na huɗu: gadar sakandire

Rijistar za ta nuna cewa masu kiredit biyar da Turanci da lissafi kaɗan ne. To ba za a yi maganar jami'a a bar wannan ba. Hukumar ilimin manya ta Kano, wadda aka kafa tun 1980 zamanin Abubakar Rimi, aikinta ne ta ɗauki ajin koyon karatu da rubutu har zuwa sakandire, sannan a yi wa waɗanda suka shirya rijistar NECO ta 'yan waje ko WAEC ta masu zaman kansu ko NABTEB ga masu sana'a, a nemi a amince da gidan a matsayin cibiyar jarrabawa. Ɗaurarrun da suka yi karatu, don akwai masu NCE da digiri a ciki, su ne malaman yau da kullum, a ba su ɗan ihsani da takardar shaida cewa sun koyar.

Mataki na biyar: wace makaranta, wane kwas

Ƙofar da ta fi kowacce buɗewa ita ce jami'ar karatu daga gida, NOUN. Tana da cibiyoyi na musamman a cikin gidajen yari irin su Kirikiri da Kuje da Inugu da Fatakwal, kuma a 2016 zamanin da ɗan Kano Farfesa Abdalla Uba Adamu yake shugabanta aka yafe wa ɗaurarru kuɗin makaranta gaba ɗaya. Tsarinta ya dace da mai jiran shari'a da mai ɗan gajeren ɗauri, domin lambar ɗalibi ɗaya ce, in ya fito sai ya nemi a mayar da shi cibiyar da ke gari ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Amma jiha tana da nata makarantun da take biya wa albashi, jami'ar Northwest, jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi, kwalejin fasaha ta jiha, kwalejin noma ta Audu Bako a Dambatta, ga kuma BUK ta tarayya a cikin gari. Babu abin da zai hana a ce kowacce ta kawo kwas ɗaya ko biyu da za ta iya koyarwa a ciki. Sai dai nan ne sa ido yake farawa, kafin a bar kowace makaranta ta shiga, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta ko wata ƙungiya ce ta kawo ta, a sa ta amsa waɗannan a rubuce. Shin kwas ɗin yana da amincewar hukumar da ke kula da shi, NUC in jami'a ce, NBTE in kwalejin fasaha ce, NCCE in ta malanta ce, kuma amincewar ta haɗa da koyar da shi a wajen harabar makarantar? Shin takardar da za a bayar iri ɗaya ce sak da ta ɗaliban waje? Shin shigar ɗalibin ta bi ta JAMB inda ake buƙata, don kar a kammala a ce ba ya cikin jerin? In aka saki ɗalibi a aji biyu za ku karɓe shi a harabarku ba tare da ya koma aji ɗaya ba? In kuɗin mai ɗaukar nauyi ya ƙare, wa zai ƙarasa da waɗanda aka fara da su?

Makarantar da ta kasa amsa waɗannan kar a ba ta ƙofa ko kyauta za ta yi. Mutumin da ke tsare ba shi da zaɓi, ba zai iya fita ya bincika ba, abin da aka kawo masa shi zai karɓa da hannu biyu, to zalunci ne babba a cinye masa shekaru a kan takardar da ba ta aiki a ko'ina.

Amurka ta bi ta wannan hanyar kuma akwai abin ɗauka. A 1994 suka hana ɗaurarru tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell, shirye-shiryen jami'a a gidajen yarinsu suka durƙushe kusan duka, sai a watan Yulin 2023 aka dawo da shi, amma da sharaɗin cewa dole hukumar da ke riƙe da gidan yarin, wadda galibi ta jiha ce a can, ta amince da kowane shiri ta kuma riƙa duba ko yana amfanar ɗaliban. Har da sharaɗin kar a sa mutum a kwas ɗin da doka za ta hana shi aiki da shi saboda laifin da aka ɗaure shi a kai. Wannan na ƙarshen mu ma ya shafe mu, akwai sana'o'in da hukumominsu suke duba halin mutum kafin su ba shi lasisi, irin aikin lauya, to a tambaye su a rubuce tun kafin a sa kowa. Haka kwasa-kwasan da sai da ɗakin gwaji ko koyarwar gwaji a makaranta ko zuwa masana'anta, a san yadda za a yi da wannan ɓangaren tun farko, ko a jinkirta shi zuwa bayan fita. Kasuwanci, akanta, noma, ilimin kwamfuta, addinin Musulunci, Hausa, Larabci, sulhu da sasanta rikici, waɗannan sun fi sauƙin tafiya a ciki.

Mataki na shida: kuɗi

Kyauta ba ta nufin babu kashewa. Ko an yafe kuɗin makaranta akwai kuɗin jarrabawar sakandire, buga littattafai tunda ɗalibi ba zai riƙe waya ya karanta a kai ba, takarda da biro, kwamfuta, sola da batir, data, kuɗin motar malamai, ɗan alawus na gandurobobin da aka ɗora wa aikin ajin. A ba shi layinsa na kansa a kasafin ma'aikatar ilimi mai zurfi, da sunansa, a shigar tun lokacin da ma'aikatu ke haɗa buƙatunsu kafin gwamna ya kai kasafi majalisa a ƙarshen shekara. Kuma a nemi a saki kuɗin kafin a rufe rijista, kuɗin NECO da ya fito bayan an rufe shafin bai amfani kowa ba.

Hukumar zakka da hubusi da 'yan kasuwar Kwari da Singa da ƙungiyoyin addini duk za su iya sa hannu, mutanen Kano ba sa ƙyashin irin wannan, da azumi kana gani ana zuwa ana biya wa mutane tara ana fito da su. Abin da ofishin zai yi shi ne ya ba su jerin buƙata na gaskiya don kar ƙungiya biyar su kawo allo da alli babu wanda ya kawo batir. A biya makaranta ko hukumar jarrabawa kai tsaye a karɓi rasit, kar tsabar kuɗi ta bi ta hannun kowa.

Na san abin da wani zai ce, 'ya'yanmu na waje da ba su yi laifin komai ba suna zaune a gida babu kuɗin rijista, sai a ɗauki kuɗi a kashe wa wanda ya yi wa mutane ƙwacen waya? Wallahi maganar tana da nauyi kuma ban raina mai yin ta ba, musamman wanda aka taɓa zalunta. Amma mutumin nan zai fito ko mun so ko mun ƙi, abin da ya rage mana shi ne da me zai fito. Wani babban bincike da cibiyar RAND ta fitar a Amurka a 2013 ya gano waɗanda suka yi karatu a tsare yiwuwar komawarsu ta ragu da kashi 43 cikin ɗari, kuma kowace dala ɗaya da aka kashe tana ceto huɗu zuwa biyar na kuɗin sake tsarewa. Ƙasarsu daban tamu daban, shi ya sa ma nake son mu riƙe namu lissafin.

Mataki na bakwai: intanet da ranar jarrabawa

Waya haramun ce a ciki, kuma da dalili. Amma NOUN rijistarta da aikin gwajin da ake kira TMA, wanda yake ɗauke da maki 30 cikin 100, duk a intanet ake yi, jarrabawar 'yan aji ɗaya da biyu ma a kwamfuta ce. Mafita ita ce ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe, kwamfutoci a jere fuskarsu tana kallon inda jami'i yake zaune, an toshe komai sai shafin makaranta, an rufe ramukan da ake soka filasha, da littafin shiga da fita da kowa zai sa hannu da lokaci. Littattafan kwas a sauke su sau ɗaya a ajiye a kwamfutocin yadda ko babu sabis za a karanta.

Mako biyu kafin jarrabawa jami'in jiha ya je da kansa da jadawalin a hannu, ya zauna da mai kula da gidan su bi suna bayan suna: wannan yana nan? wannan an kai shi asibiti? wannan yana da kotu ranar Talata? wannan yana ɗakin horo, za a fito da shi ya rubuta ya koma? A kunna kowace kwamfuta a gani, a duba batir zai kai awa uku in babu wuta, a ajiye man janareta a gefe. Ranar kuma masu sa ido daga makaranta su iso da wuri don binciken ƙofa yana cin lokaci. Kar a sassauta wa ɗaliban ko kaɗan a jarrabawar, ranar da aka fara cewa takardar gidan yari ta tausayi ce ta mutu ke nan, kuma su kansu ɗaliban ba sa so.

Mataki na takwas: sa idon kansa

Duk ƙarshen zango ofishin ya fitar da shafi biyu kacal. Nawa suka yi rijista, nawa suka zauna jarrabawa, nawa suka ci, nawa suka daina kuma me ya sa kowannensu ya daina, nawa aka sauya wa gida, laccoci nawa aka tsara nawa aka yi. Gurbin dalilin dainawa shi ne mafi amfani, a nan za a gane ko matsalar daga makaranta take ko daga gidan ko daga kotu ko rashin lafiya da yunwa, don mai jin yunwa ba ya haddace komai.

'Yan kwamiti su riƙa shiga ba tare da an yi shara da fenti dominsu ba, su zauna da ɗalibai inda ganduroba yana ganinsu amma ba ya jin abin da ake faɗa. A tambaya kai tsaye: an taɓa neman kuɗi a wajenka kafin a sa sunanka? Domin duk abin da yake da daraja a wurin da mutane ke tsare yana iya zama abin sayarwa, gurbin karatu ma haka, maganinsa a manna sharuɗɗan shiga a bango da Hausa da ajami kowa ya gani. Sau ɗaya a shekara rahoton ya je gaban kwamitin ilimi mai zurfi na majalisar jiha. Sunayen ɗalibai da laifukansu kuma ba na bazawa ba ne, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ranar bikin yaye kar a ɗauki hoton fuskar kowa a sa a Facebook sai da yardarsa, yana da 'ya'ya da ƙanne mata da za a nema da aure.

Mataki na tara: ranar fita

Saki yana zuwa ba zato. Babban joji ya kai ziyarar rage cunkoso ya sallami mutane nan take, gwamna ya yi afuwa da sallah da ikon da sashe na 212 na tsarin mulki ya ba shi, wani attajiri ya biya tara, kotu ta ba da beli. Ɗalibi ya fita da leda a hannu, bai san lambar sirrin shafinsa na makaranta ba domin jami'i ne yake shigar masa kullum. Don haka tun ranar rijista a buɗe wa kowa fayil biyu, ɗaya a gidan ɗaya a ofishin jiha, da lambar ɗalibi da bayanan shiga shafi da kwafin sakamakon kowane zango da wasiƙar gabatarwa zuwa cibiyar da zai koma, da lambar wayar jami'in da zai nema. A ba ɗan uwan da ya amince da shi kwafi.

A kuma warware tun yanzu ko yafiyar kuɗin makaranta za ta bi shi waje, in ba za ta bi shi ba hukumar tallafin karatu ta ɗauke shi har ya gama, don watannin farko bayan fita su ne mafi tsanani, ba aiki, ba jari, wasu ma gidan ba a karɓe su ba. Dokar 2019 ta tanadi takardar shaidar kyawun hali ga wanda ya nuna ya gyaru, ofishin ya taya ɗalibansa nema a haɗa da takardar karatun. Sannan a kira shi bayan wata uku, a sake kira bayan shekara, a rubuta yana karatu ko yana aiki ko ya koma ciki.

Iyaye da 'yan uwa kuma ba sai kun jira an kafa komai ba. In naku yana ciki kuma yana da sha'awa, ku nemo sakamakonsa na sakandire da takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma da lambar NIN da hotuna, ku yi kwafi ku riƙe na asalin a gida, ranar ziyara ku nemi ganin jami'in walwala ku ce ranka ya daɗe yaron nan yana son karatu, a sa sunansa. In takardun sun ɓace a koma makarantar da ya gama da shekarar da ya zauna, a nan za a samo lambar jarrabawarsa a sake ciro sakamakon.